Ganuwa da Doki: Rayuwa da Yaƙi a Kano ta Tsakiyar Zamani da Kwatancinsu da na Yau

BABI NA UKU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda rayuwa da zamantakewa da yaƙi suka kasance a ƙasar Kano a tsakiyar zamani, sa'an nan a kwatanta su da abin da ake ciki a yau. Masana tarihin Turai suna kiran lokacin da ya faro daga faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476 zuwa wajen 1500 da sunan tsakiyar zamani. A nan kuwa an ɗauki lokacin ne daga sarautar Bagauda (999-1063) zuwa rasuwar Muhammadu Rumfa a 1499, domin a cikin waɗannan shekaru ɗari biyar ne Kano ta tashi daga ƙauyukan gindin Dala ta zama babban birni. Shekarun sarakunan da za a ambata an bi lissafin H. R. Palmer ne, wanda ya fassara littafin Tarihin Kano daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908.

Abubuwa biyu ne za a ɗora bayanin a kansu, wato ganuwa da doki. Ganuwa ita ce rabon talaka a cikin sha'anin tsaro, doki kuwa shi ne jarin masu sarauta. Babin zai nuna cewa makaman zamani sun kashe amfanin duka biyun a fagen fama, amma buƙatar da ta sa aka gina ganuwa tun farko, wato wurin da manomi zai kwana ya kuma yi noma ba tare da fargaba ba, tana nan ba ta gushe ba.

3.1 Rayuwar Yau da Kullum

Noma shi ne ginshiƙin rayuwar mutanen wancan lokaci, kuma shi ne yake tsara musu shekara. Da damina kowa yana gona, da kaka a girbe a zuba a rumbu, da rani kuma a koma ga sana'o'in hannu da fatauci da farauta da gini. Gero da dawa da maiwa da wake da gujiya su ne abincin da aka dogara da su, miya kuwa ta kuka ce da daddawa da man kaɗanya, a sa mata masoro ko kimba. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono ba a san su ba, domin daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su tsallako teku ba sai bayan 1492. Ke nan ko Sarki Rumfa da kansa bai taɓa cin tuwon masara ba.

Ta fuskar sana'a, binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna cewa ana narka tama a dutsen Dala tun ƙarni na 7. Baya ga ƙira akwai saƙa da rini da jima da dukanci, kuma galibi gado ake yi, ɗa ya koya a wurin ubansa. Fatauci ya bunƙasa ne sannu a hankali. Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). A zamanin Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, inda ake samo goro. A zamanin Yakubu (1452-1463) gishirin Azbin ya yawaita, sa'an nan Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi. Kuɗin wuri bai shigo ba sai zamanin Sarki Sharefa (1703-1731), saboda haka ciniki ya fi gudana ta hanyar musayar kaya da kaya.

A ɓangaren addini kuwa, mutanen Dala na farko suna bautar Tsumburbura ne ƙarƙashin jagorancin Barbushe. Musulunci ya shiga fada a zamanin Yaji, ya ƙara ƙarfi da zuwan malaman Fulani da littattafansu a zamanin Yakubu, har ya kai ga zuwan Shehu Muhammadu al-Magili wajen 1492, wanda ya rubuta wa Rumfa wasiƙa a kan abubuwan da suka wajaba ga sarakuna.

3.2 Ganuwa

Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwar Kano, ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki (1136-1194), ya kammala. Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka kuma sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623) ta hannun Wambai Giwa. Da tubali da laka aka gina ta. A bayanta akwai gwalalo, wato rami mai zurfi, da sarƙaƙiyar ƙaya da za ta hana doki matsowa. Ƙofofinta ƙuntatattu ne, masu ƙyaure na katako da aka ƙarfafa da ƙarfe, kuma kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta idan dare ya yi.

Da yake ginin ƙasa ne, kowace damina sai ruwa ya ci wani abu daga jikinta. Wannan ya sa gyaran ganuwa ya zama aikin da ba ya ƙarewa, kuma talakawa ne suke yin sa da ƙarfinsu bayan an gama kaka. Abin da suke samu a madadin wannan wahala shi ne mafaka, kuma a nan ne hikimar ginin take. Ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An haɗa da gonaki da makiyaya da ruwan Jakara da dutsen Dala da Gwauron Dutse, waɗanda daga kansu ake hango ƙurar mahara tun daga nesa. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 15, mutanen birnin kuma tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna.

Ma'anar wannan ita ce, idan aka ji labarin yaƙi, mutanen ƙauyukan da ke kusa sukan kwaso iyalansu da dabbobinsu da hatsinsu su shigo, a rufe ƙofa. Maharan da ba su da makamin rusa gini sai dai su yi zobe su jira. Na ciki suna da ruwa da abinci, na waje kuwa guzurinsu yana ƙarewa, ga damina tana matsowa, gonakinsu na gida suna jiran su. Sau da yawa haƙuri ne yake raba gardama. A Turai ma akwai birane masu ganuwa a wancan zamani, sai dai abin da ya fi fice a can shi ne gidan dutse na basarake, wanda ake ginawa a kan tudu domin shi da mayaƙansa. A ƙasar Hausa gari ake kewayewa da gonarsa. Haka abin yake a Katsina da Zazzau, inda har yau ake kiran tsofaffin ganuwowi da sunan ganuwar Amina, da kuma Surame ta Kanta Sarkin Kabi a farkon ƙarni na 16.

Duk da haka ganuwa ba ta hana ƙaddara. A zamanin Sarki Dadi (1670-1703) Kwararrafa sun shiga cikin birnin Kano sun yi ɓarna mai yawa. Ganuwa tana aiki ne gwargwadon mutanen da ke kanta da kuma haɗin kansu.

3.3 Doki da Sarauta

Tarihin Kano ya ce a zamanin Tsaraki aka fara amfani da garkuwa. Babban canji kuwa ya zo ne a zamanin Sarki Kanajeji (1390-1410), wanda bayan asarar mayaƙa da ya yi a yaƙinsa da Umbatu ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi rigar kariya ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa domin kibiya ta maƙale ba ta kai ga fata ba. Sulke kuwa riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe, wadda fatake suke kawowa daga arewa ta hamada. Kwalkwali shi ne hular kare kai.

Waɗannan kaya ba na kowa da kowa ba ne. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yakan ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya daga fataken arewa. Bayan saye kuma ga ɗawainiya, domin dokin yaƙi yana bukatar dawa da harawa da kanwa da yaron da zai yi masa yankan ciyawa kullum. Ɗan lifidi ba ya iya hawa sai an taimaka masa, kuma nauyin kayan yana gajiyar da doki da wuri, shi ya sa Rumfa ya fito da dawakin zage, wato dawakan da ake ja ba mahayi domin a canza idan na farko ya gaza.

Saboda haka wanda yake da ikon tara hatsi da bayi da barori shi ne kaɗai zai iya riƙe barga. Daga nan ne tsarin sarauta ya samo siffarsa. Sarki yakan naɗa mutum sarauta ya ba shi garuruwan da zai riƙa karɓar haraji daga gare su, shi kuma idan an buga tambari ya fito da mahayansa da dakarunsa. Sunayen sarautun da kansu shaida ne: Madaki ko Madawaki shi ne shugaban mahaya, akwai Sarkin Dawaki da Barde da Jarmai, Shamaki kuma shi ne mai kula da bargar sarki. A Katsina Ƙaura ne jagoran yaƙi. A ƙarƙashin kowane basarake akwai barori, waɗanda suke yi masa hidima su bi shi yaƙi, shi kuma ya ba su riga da doki, ya yi musu aure. Wannan ciniki na ƙasa a madadin hidimar doki ya yi kama da abin da aka yi a Faransa da Ingila a daidai wannan lokaci.

Tsarin yana da haɗarinsa ga sarki, domin basaraken da ya tara dawaki da yawa yana iya juyowa kansa. Rumfa ya yi maganin wannan ta hanyoyi biyu. Ya kafa majalisar Tara ta Kano, wadda ta haɗa manya irin su Galadima da Madaki da Wambai da Makama da Sarkin Bai, ya kuma ba wa babanni manyan muƙamai, tun da su ba su da 'ya'yan da za su gaje su. Har ila yau doki yana da iyakarsa. Idan aka nausa kudu cikin kurmi ƙudan tsando yana kashe shi, a kan duwatsu kuma ba ya iya sukuwa.

3.4 Yadda Ake Gudanar da Yaƙi

Yaƙi yana da lokacinsa, wato rani. Dalili kuwa shi ne yawancin mayaƙa manoma ne, ba za a ɗebe su ana tsakiyar aikin gona ba. Bugu da ƙari sai da rani ne koguna suke janyewa, ƙasa ta bushe, a kuma sami hatsi a rumbunan abokan gaba. Idan sarki ya ƙudura niyya sai a buga tambari, a fita bayan gari a kafa sansani har rundunonin hakimai su hallara. Malamai sukan yi addu'a, mayaƙa su ɗaura layu da guraye, a tura 'yan leƙen asiri gaba.

A fagen daga 'yan baka ne suke fara buɗe wuta da kibau masu dafi, wanda ake haɗawa da tsiron ƙwanƙwani. Dakaru suna biye da masu da takubba da barandami da garkuwoyin fata. Barade, wato mahaya marasa nauyin kaya, su ne masu kai farmaki ta gefe da bin waɗanda suka gudu, 'yan lifidi kuwa su ne masu fasa sahu da kuma kare sarki. Makaɗa da maroƙa suna tare da runduna suna zuga jarumai da kirari, kuma duk wanda ya ja da baya ya san zai shiga bakinsu. Kowane mayaƙi yana ganin fuskar wanda yake faɗa da shi, domin babu makamin da ya wuce nisan kibiya. Galibi a wuni ɗaya ake gama karo, kuma da zarar sarki ya faɗi runduna takan watse, kamar yadda ya faru lokacin da Kanajeji ya kashe Sarkin Zazzau. An ce Rumfa ya yi shekara 11 yana yaƙi da Katsina babu wanda ya yi rinjaye. Abin da za a fahimta a nan shi ne fita ce ake yi rani bayan rani, da damina kowa ya koma gona.

Manufar yaƙin ita ce ganima da haraji da mallakar hanyoyin fatauci. Ƙasa tana da yawa a lokacin, mutane ne suka yi ƙaranci, don haka sarkin da ya ci gari ya fi son ya kwashe mutanensa ko ya ɗora musu haraji a kan ya hallaka su.

3.5 Bauta

Wannan batu na ƙarancin mutane shi ne ya kai ga mafi munin ɓangaren tsarin, wato bauta. Tarihin Kano ya nuna cewa Kanajeji yakan aika wa Sarkin Kwararrafa dawaki, shi kuma ya aiko masa da bayi. A zamanin Abdullahi Burja, Galadima Dawuda ya yi shekara 7 yana kai hari kudu, yana aiko da bayi 1,000 duk wata biyu, har ya kafa garuruwa 21 ya zuba bayi 1,000 a kowanne. Ko da an ɗauka marubucin ya ƙara gishiri a lissafin, siffar abin a fili take: da bayi ake sayen doki, da doki kuma ake kamo bayi.

Ke nan zaman lafiyar da na cikin ganuwa yake samu, wani ne a waje yake biyan kuɗinsa. Al'ummomin da ba su da dawaki sun koma kan duwatsu da cikin kurmi domin tsira. Duk wanda zai yabi tsarin tsaron wancan zamani wajibi ne ya sa wannan a ma'auni. Bauta ba ta ƙare a Arewacin Nijeriya ba sai a ƙarni na 20, inda dokar 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, dokar 1936 kuma ta soke ta baki ɗaya.

3.6 Shigowar Bindiga da Faɗuwar Kano

A shekarar 1453, wato shekara goma kafin Rumfa ya hau gado, Sarkin Turkawa Muhammadu al-Fatih ya yi amfani da manyan igwa ya karya ganuwar Kustantiniyya. A ƙasashen Sudan kuwa bindiga ta daɗe ba ta canza yanayin yaƙi ba. Mai Idris Alauma na Barno ya yi amfani da 'yan bindigar Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16, sojojin Maroko kuma sun karya daular Sanwai da bindiga a Tondibi a 1591. A Kano sai zamanin Babba Zaki (1768-1776) aka sami sarkin da ya kafa dogarai 'yan bindiga. Irin waɗannan bindigogi ɗurinsu yana da jinkiri, kafin a sake ɗurawa mahayi ya iso. Wannan ya sa ganuwa da doki suka ci gaba da aiki har ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da ya kawo ƙarshensu shi ne bindiga mai saurin ɗuri da kuma bindigar Maxim, wadda aka ƙera a 1884, mai fitar da harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya. A ƙarshen watan Janairu na 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata da ba su kai 1,000 ba, da igwa 4 da Maxim 4. Bayan sun ci Bebeji sai suka iso Kano ranar 3 ga Fabrairu. Lugga ya bayyana cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuma ƙafa 40. Harsashin igwa bai iya rusa ta ba, sai da suka koma kan ƙyauren Ƙofar Kabuga suka fasa shi. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin, Sarkin Shanu ne ya tsaya ya kare fada har aka kashe shi. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sukuwa kan sojojin da ba su kai 50 ba, amma ba su iya fasa sahunsu ba, Waziri ya rasu a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci a waɗannan wurare ba. Makamin da aka zo da shi ne ya fi ƙarfin lifidi.

3.7 Kwatanci da Zamanin Yau

Bambanci na farko shi ne wanda yake yin yaƙin. A da manomi ne yake zama dakare da rani, basarake kuma shi ne kwamandansa. A yau soja sana'a ce ta mai albashi ƙarƙashin gwamnatin tarayya, ana iya kai shi inda bai taɓa jin sunansa ba, kamar yadda aka kai 'yan Arewa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu tsakanin 1943 da 1945. Sarautun Madaki da Barde da Jarmai suna nan, amma ba su da runduna. Lifidi da sulke da kwalkwali sai a hawan salla ake ganin su, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Na biyu shi ne lokaci da nisa. Yaƙin zamani ba ya jiran kaka. Yaƙin basasar Nijeriya ya ɗauki wata 30, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, rani da damina. Jirgin sama da bam sun sa mai kisa ba ya ganin wanda ya kashe, kuma babu tsayin ginin da zai tare su. Harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012, wanda ya ci rayuka aƙalla 185, daga cikin gari aka kai shi, babu ƙofar da za a rufe a hana shi.

Na uku shi ne tsadar makami, kuma wannan ya fi shafar talaka. Doki da sulke sun fi ƙarfin mutum ɗaya, hawa da sara kuma sai an yi shekaru ana koyo, saboda haka ƙarfin yaƙi ya taru a hannun masu mulki. Bindigar AK-47 da babur kuwa ƙaramin gungu yana iya mallakarsu, yaro kuma yana koyon harbi cikin 'yan kwanaki. Wannan ne ya ba 'yan bindigar daji damar addabar ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato tun daga wajen 2011. Satar mutane domin kuɗin fansa, irin wadda aka yi wa ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020 da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, ta yi kama da samamen bayi na da, domin a duka biyun mutum ake mayarwa haja. Kalmar garkuwa ma, wadda a zamanin Tsaraki take nufin abin kare kai, yanzu an fi jin ta a cikin garkuwa da mutane.

Na huɗu shi ne dawowar dabarar ganuwa ta wata siffa. A Jihar Barno sojoji sun haƙa ramuka sun kewaye Maiduguri da garuruwa irin su Bama da Dikwa da Monguno, mutanen ƙauyuka suka taru a ciki. Wannan gwalalo ne ba tare da gini ba. Sai dai akasarin gonaki suna waje da ramin, saboda haka mai neman abinci dole ya fita inda babu kariya. A watan Nuwamba na 2020 an kashe manoman shinkafa na Zabarmari a gonakin Koshebe, aka binne 43 a rana ɗaya. Maginan ganuwar Kano sun gane tun ƙarni na 12 cewa mafakar da ba ta haɗa da gona ba, yunwa ce za ta fitar da mutane daga cikinta.

Ta wasu fuskokin kuwa zamanin yau ya yi wa na da nisa. An haramta bauta. Cutar agana, wadda ta daɗe tana kashe mutane, an tabbatar da kawar da ita daga duniya a 1980. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama kuma ya sauka a 1925, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki ko sa'o'i. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta shimfiɗa dokokin kare fararen hula da fursunonin yaƙi, ko da yake ba kullum ake bin su ba. Ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kano tana da mutane fiye da miliyan 9, birnin kuma ya daɗe da tumbatsa ya wuce ganuwarsa. Ita kanta ganuwar an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007, amma mafi yawanta ya zube, wani wurin an ɗebe ƙasar an yi gini, wani wurin kuma an yi gidaje da shaguna a kanta.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda noma ya tsara shekarar mutanen Kano na tsakiyar zamani, har da lokacin yaƙinsu. An ga cewa ganuwa yarjejeniya ce tsakanin sarki da talaka: talaka ya ba da ƙarfinsa da harajinsa, sarki ya ba shi wurin fakewa da iyalinsa da gonarsa. An ga yadda tsadar doki ta haifar da sarautu da barantaka, da yadda ta jawo kamun bayi, wanda shi ne babban tabon wancan zamani. An kuma ga yadda bindigar zamani ta kawo ƙarshen tsarin a 1903.

Kwatancin ya nuna cewa mutumin yau ya fi na da 'yanci da lafiya da sauƙin tafiya, amma manomin ƙauye a wasu sassan Arewa bai fi kakansa samun kwanciyar hankali a gona ba. Ganuwar laka ba za ta tare harsashi da bam ba, don haka babu mai cewa a koma gina ta domin tsaro. Abin da ya kamata a ɗauka daga gare ta shi ne ma'aunin da ta bari, wato a auna tsaro da ko manomi yana iya shuka ya girbe ya kai gida. Har ila yau ya dace hukumomi su kare ɗan abin da ya rage na ginin, domin shi ne shaidar da ɗalibai za su iya gani da idonsu. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan yaƙe-yaƙe suka fito a cikin kirarin jarumai da waƙoƙin makaɗan fada.